Shanu Tara a Cambridge

Idrissa Mamman ya koro shanu tara ya shiga da su tsakiyar garin Cambridge, ranar wata Alhamis a watan Mayun 1994. Matarsa Umma ba ta ji labarin ba sai ranar Lahadi, a falonta da ke Jamaica, cikin Queens. Kuma ba daga bakinsa ta ji ba.

Ba shanu suka kai shi Ingila ba. 'Yarsu ta fari, Zahra, ta gama digiri a nan New York, sai jami'ar can ta aiko mata da takarda: ta zo ta ƙara shekara biyu, karatu da ɗaki da abinci duk an ɗauke mata. Amsa kawai ake jira kafin wata ya ƙare. Zahra ta cika takardar amsar, ta sa a ambulan, ta manna kan sarki, ta ɗora a kan firij. Ba za ta jefa ta a akwatin gidan waya ba sai ubanta ya ce je ki. Litinin ce rana ta ƙarshe da wasiƙa za ta tashi ta isa kan lokaci.

Idrissa bai ce je ki ba, bai ce zauna ba. Mutumin Filinge ne, ta ƙasar Nijar. Ya yi kiwon shanun ubansa har ya fara gemu, yanzu kuma shekararsa goma sha biyar yana loda akwatuna a cikin jirage a filin JFK. Ba ya ɓarnar magana. Abin da ya faɗa ɗaya ne: "Ba ni kai ɗiya garin da ban gani ba." Ma'aikatan kamfaninsu suna da tikitin alfarma, in jirgi zai tashi da kujerar da ba kowa. Ya ɗauki hutun kwana huɗu, ya ja abokin aikinsa Saani, ɗan zangon Kumasi, saboda shi Turanci ya zauna a bakinsa. Suka tafi Talata, suka dawo Juma'a.

Ya dawo da gwangwanin biskit, da kwalin shayi, da wata baƙar lema da ta lanƙwashe a tsakiya. Umma ta ce, "Malam, yaya garin?" Ya ce, "Ana ruwa." Ranar Asabar ta ɓullo ta wata hanyar, ya ce, "Da sanyi." Ta ƙyale shi. Zaman shekara ashirin da huɗu ya koya mata cewa duk wanda ya matsa wa Malam a'a zai samu, kuma a'ar Malam ba ta da gyara.

Ita dai so take yarinyar ta tafi. Umma a gidan kula da tsofaffi take aiki, ɗaga wannan, juya wancan, canza zanin gado, har bayanta ya daina miƙewa sosai. Ba ta haifi 'ya don ta gaji wannan ba. Sai ta yi dabara. Ta buga wa Afua, matar Saani, ta ce su zo Lahadi a yi wa matafiya sannu da zuwa. Ta san Saani. Labari ba ya kwana uku a cikinsa.

Abin da ba ta shirya masa ba shi ne zuwan yayanta, Alhaji Abdulrashid, ma'aikacin wani ofishin jakadanci a Manhattan. Ya iso bayan azahar da jakarsa ta fata, wadda ko ranar Lahadi ba ya rabuwa da ita. Shi tun farko ya faɗi nasa: 'ya mace ba ta ƙetare teku ita kaɗai, ga jami'o'i birjik a New York.

Aka shimfiɗa wa maza leda a falo. Mata suka zauna a teburin kicin, ƙofa a buɗe. Tuwon farina, wato tsakin alkama, da miyar kuka, ga shinkafa da wake irin na mutanen Gana da Afua ta ɗauko tun daga gidansu a Mount Hope, da baƙin yajinta mai sa hawaye. Umma ta zaɓi kujerar da take hango fuskar mijinta.

Saani ya kai loma uku, ya ɗaga kai.

"Hajiya Umma, ki matso da kujerarki. Ei! Abin da idona ya gani a ƙasar obroni, ƙasar Turawa!"

"Ci abincinka," in ji Idrissa.

"Ina ci, Massa. Bakina ya iya aiki biyu." Haka yake kiran Idrissa, Massa, wato maigida.

Ya fara daga jirgin ƙasa. Ya ce daga London awa ɗaya ce. Kana barin gari ƙasa ta kwanta kamar tire, ba tudu ko na tururuwa. Nan kore shar, can gona guda fure rawaya kamar an barbaɗa garin ɗorawa. Ƙauyuka ƙanana, kowanne da coci mai tsini, wasu gidajen ma rufin ciyawa ne.

"Rufin ciyawa?" in ji Afua. "A Ingila? Ƙaryarka ta fara da wuri."

"Na rantse! Bukka, amma da gilashi da fure a taga. Aka ce ma masu kuɗi ne ke kwana ciki. Ni ina neman mai shayi a jirgin, shi wannan ya manna goshi a gilashi yana ƙirga tumakin mutane."

"Ƙasar baƙa ce," in ji Idrissa, kansa a kan tuwo. "Tana da ƙarhi."

Umma ta lanƙwasa yatsa ɗaya na hannun dama a ƙarƙashin mayafi. Ɗaya mai kyau.

Sai kekuna. Saani ya ce tun daga tasha kekuna ne jibge kamar kasuwar ƙarfe, kowa a garin a kan keke yake, kuma ba mai ƙararrawa sai ya kusa hawa ƙafarka. Ya ajiye cokali ya miƙe don ya nuna.

"Wani tsoho, gashi fari fat, baƙar riga tana tashi a bayansa kamar jemage, littattafai cike da kwando, fiuuu! Na tambaya, aka ce babban malami ne, duniya ta san shi. Na ce Massa, a Kumasi mai wannan ilimi Benz yake hawa, da direba, da mai buɗe wa direban ƙofa."

"Talauci ne," in ji Alhaji Abdulrashid. "Tun da muka karɓi mulkinmu ba su farfaɗo ba."

"Malami bisa keke ba shi da girman kai," in ji Idrissa.

Umma ta ƙara yatsa. Zahra, da ke tsaye jikin firij da faranti a hannu, ta kalli uwarta, uwar ta yi kamar ba ta gani ba.

Da aka zo kan kogi, hannun hagu, na ƙirga marasa kyau, ya fara aiki. Saani ya ce kogi ne dai a baki, kwatar Aboabo ta Kumasi ta kusa kai shi faɗi. Ga jirage masu faɗi kamar ƙyaure, ɗalibai kwance a ciki, maza da mata cakuɗe, kwalabe a hannu, ɗaya a tsaye yana tura su da doguwar sanda.

"Wata yarinya, wandonta…"

"Saani!" in ji Afua.

"Ban ce komai ba. Ai wandon bai kai a yi maganarsa ba."

"Baba Saani, please," in ji Zahra.

Alhaji ya gyara zama, ya kalli ƙanwarsa ta ƙofar kicin, kallon na faɗa miki. Idrissa ya haɗiye lomarsa ya ce, "Ba su iya riƙon gwangwala ba." Umma ta rasa hannun da za ta sa wannan. Ta sa a hagu, don kada ta ruɗi kanta.

"Masallaci fa?" in ji Alhaji.

"Akwai, Alhaji. Ƙarami, a wani lungu, sahu huɗu ya cika. Kusa da shi ga shagon wani ɗan Pakistan mai naman yanka. Massa ya tsaya minti ashirin yana duba wuyan rago, har mai shagon ya ɗauka daga hukuma muke."

Daga nan suka nemi kwalejin da Zahra za ta zauna. Saani ya ce ƙofar kaɗai ta isa kallo: dutse tun daga ƙasa har sama, da gumakan sarakuna, da ƙyaure mai ƙusoshi kamar kan yaro. A jikin babban ƙyauren an yanka wata 'yar ƙofa, ta nan ake shiga. A ciki akwai tsoho mai tsaro, da baƙar hula zagayayya kamar an kifa masa ƙoƙo. Bayansa fili, ciyawa shimfiɗe kamar dardumar masallacin Makka.

"Na ɗaga ƙafa zan taka, Mai Hula ya yi wani tari. Ashe ciyawar nan shekara ɗari uku ana yi mata aski, kuma ba mai taka ta sai manyan malamai. Ɗalibi ya taka, laifi. Baƙo ya taka, laifi. Massa ya ce in gaya masa muna son ganin mai gidan, mun zo maganar ɗiya. Mai Hula ya ce ba a ganinsa sai an rubuto wasiƙa. Massa ya ce ai ga mu da ƙafarmu, ƙafa ta fi wasiƙa. Mai Hula ya ce sorry. Sau uku."

Umma ta lanƙwasa biyu a hagu. Ta san abin da hana ganin mai gida yake nufi wurin Malam.

"To, mun fito ransa a ɓace. Muka zagaya baya, muka sami wani fili bakin kogin, muka zauna cin burodi da sadin. Hajiya, a nan ne."

"Saani," in ji Idrissa.

"Massa, ko ka kashe ni sai na faɗa."

Shanu ne, tara. Jajaye, ba ƙaho, ba tozo, suna kiwo a tsakiyar gari, ga motoci na wucewa ta can, ga ɗalibai na wucewa ta nan. Ba makiyayi, ba igiya, ba ko kare. Idrissa ya ajiye burodinsa. Ya duba gabas, ya duba yamma. Ya ce mai su ya zaga ne, yanzu zai dawo. Suka yi azahar a wurin. Suka zauna. Awa ɗaya, awa biyu, yayyafi ya zo ya wuce, ba wanda ya leƙo. Saani ya tambayi wasu mutum biyu masu kyamara ko sun san mai shanun, ashe su ma baƙi ne daga Japan, suka yi ta sunkuyawa suna murmushi. Sannan wata karsana ta miƙa wuya ta kan shinge ta fara cin furen gidan wani.

Umma ta saki yatsunta duka, ta dafe ƙirji. Ba sai an gaya mata sauran ba. Ta taɓa zama a Filinge shekara biyu, ta san dokar. Dabbar da aka gani ba mai ita, ba a wuce ta. A kora ta ƙofar mai gari, a ɗaure, a yi cigiya. Wanda ya gani ya wuce, in ta yi ɓarna a gonar wani, da shi a cikin laifin.

"Malam," ta ce a hankali. "Ba dai…"

"Na ce masa! Na ce Massa, nan ba Nijar ba ne, mu baƙi ne, bizar kwana nawa gare mu? Ya ce baƙo ma yana da ido. Ya tashi, ya je ya zare sakatar babbar ƙofar filin. Ya ɗora lemarsa a kan kafaɗu, ya rataya hannu biyu a kanta, ya yi wani fito, ya kaɗa harshe. Hajiya! Shanun obroni, da ba su taɓa jin ko sannu ba, duk tara suka ɗaga kai!"

Afua ta ajiye cokali. Zahra ta ce, "No. No, no, no."

"Yes, 'yata! Suka jeru a bayansa kamar 'yan makaranta. Ya ce ni in tsare baya. Ni! Ni da ko akuya ban taɓa kora ba, a Kumasi nama a tire nake ganinsa. Ga jaka a wuyana, ga gwangwanin biskit a hammata, ina bin gindin shanu ina excuse me, excuse me."

Suka hau titi. Masu keke suka dare biyu, wani ya faɗa cikin shingen fure da kwandonsa. Bas mai hawa biyu ta ci burki, na sama suka leƙo da kai ta taga. Mutanen Japan ɗin suka biyo su da gudu suna ɗaukar hoto. Ɗalibai suka fito daga shaguna suna tafi, wasu suka shiga layi a bayan Saani suna waƙa, sun ɗauka wani biki ne na gargajiya da ba a gaya musu ba. Idrissa bai waiwaya ko sau ɗaya ba. Tafiya yake a tsakiyar titi, a natse, lema a kafaɗa, hularsa ta Nijar a karkace, yana fito ƙasa-ƙasa.

"Ina zai kai su?" in ji Alhaji, murya ta canza.

"Ina kuwa? Gidan da ya fi kowanne girma. Ƙofar Mai Hula!"

Afua ta zame daga kujera ta zauna a ƙasan kicin tana dukan cinya. Umma ta toshe baki da mayafi, amma dariyar ta fi ƙarfin mayafin, ta fito ta hanci. Tana dariya tana ganin wasiƙar kan firij ta zama takardar kunna wuta.

Saani yanzu yana tsakiyar falo, ya zama mutum uku. Ya zama Mai Hula, ya fito ya baza hannuwa a bakin ƙofa, baki buɗe ba magana. Ya zama Idrissa, ya tsaya ƙyam ya ɗaga lema, shanu takwas suka tsaya cak. Sannan ya duƙa ya zama ta taran, karsanar nan mai cin fure, ta raɓa ta ƙarƙashin hannun Mai Hula, ta sa kai ta 'yar ƙofar, ta matse ciki, ta shige.

"Kan ciyawar?" in ji Zahra da ƙaramar murya.

"Tsakiyarta! Shekara ɗari uku tana jiran mai ci, ranar ta samu. Manyan malamai suka fito da baƙaƙen riguna suna shoo, shoo, su kaɗai ke da izinin takawa, kuma ba wanda ya san ta inda ake kama saniya. Wani yana nuna mata littafi. Ita kuwa ta ci, ta ci, ta ɗaga wutsiya, ta ajiye musu tsaraba. Mai zafi paa, har da tururi."

"Innalillahi," in ji Alhaji.

"Massa ya cire takalmi."

"Ya cire me?"

"Takalmi, Alhaji. An ce ba a takawa, shi kuma dole ya shiga, sai ya girmama ta. Ya shiga da safa, ya kama kunnen karsanar, ya faɗa mata magana, ta biyo shi kamar amarya. A bakin ƙofa ta taka lemar."

Har Idrissa sai da gefen bakinsa ya motsa. Ya rufe da shan ruwa.

'Yan sanda biyu suka zo, ba bindiga ko ɗaya, suka karɓi fasfo suka rubuta. Kafin su gama, titi ya cika. Mai shagon littattafai ya ce shanun wance ne. Mai sayar da fure ta ce ta riga ta buga mata waya. Wani direban tasi ya ce wannan mai farin goshin ai ita ce ta haihu bara. Ashe filin na kiwo ne tun kakannin kakanni, shanun nan kowace bazara a nan suke wuni su kwana, gari duka ya san su. Can sai ga wata tsohuwa cikin mota duk taɓo, da takalmin roba har gwiwa. Ta diro tana faɗa tun kafin ta rufe ƙofa.

"Turancin da ta yi, ni kaina rabi na kama. Massa ya bar ta ta gama. Sannan ya je wurin wata babba, ya ɗaga mata ƙafar baya, ya sa yatsa ya zaro guntun waya mai tsawon haka. Ya miƙa wa tsohuwar. Ya ce in gaya mata kwana uku ke nan tana ɗingishi, a wanke da ruwan gishiri. Tsohuwa ta kalli waya, ta kalli Massa. Ta ce wa ya taya shi ratsa titi da su, ina karensa? Na ce ni ne karen, madam."

Idrissa ne ya mayar da su filin, tsohuwar na tafiya a gefensa, 'yan sanda na tsare motoci. Aka ja musu kunne, aka ba su fasfo. Mai Hula ya kira su ɗakinsa ya haɗa musu shayi.

"To shi ke nan, ba wanda ya san ko su wane ne," in ji Umma, tana share hawaye. "Alhamdu lillahi."

Saani ya sosa ƙeya. Ya kalli Zahra, ya kalli silin.

Idrissa, kamar kowane mai kunya a ƙasarsu, ba ya kiran sunan 'yar fari. Ko Umma ba ta kira. To da suka sha shayi, ya ga wani babban littafi a gaban Mai Hula, ya ce a rubuta ɗiyarsa a ciki. Mai Hula ya ɗauki biro ya ce sunanta? Idrissa ya yi shiru. Mai Hula ya sake tambaya. Idrissa ya kalli bango. Mai Hula ya fara zaton mutumin nan bai san sunan 'yarsa ba.

"Dole na taimaka. Ga hayaniya a waje, ga tsoho kunnensa da nauyi. Sai na ɗaga murya. Zahra Idrissa Mamman, daga New York! Na jera masa harafi ɗaya-ɗaya. Ɗalibai kamar talatin a bakin taga, wasu har suna maimaitawa."

Zahra ta sulale jikin firij ta zauna kusa da Afua, ta rufe fuska da faranti. "You gave them my name," ta ce daga bayan farantin. Kafaɗunta na rawa, ba a san kuka ba ne ko dariya. Afua ta rungume ta tana cewa, "Ɗiyar Sarkin Shanu! Kafin ki sauka jirgi an san ki!"

Alhaji Abdulrashid bai yi dariya ba. Ya wanke hannu, ya goge yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya jawo jakarsa ya buɗe.

"To, Malam Idrissa, Allah ya taƙaita. Ka gani da idonka. Gari ne na giya da tsiraici, an hana ka ganin shugaba, 'yan sanda sun rubuta sunanka, yarinya kuma an yi mata tambari tun ba ta je ba. Da wane ido za ta shiga ƙofar can? Ni dama na san haka za a yi." Ya zaro wata takarda mai shafi huɗu ya shimfiɗa a kan kafet. "Jami'a ce a nan Manhattan. Na san mutum a ciki. Jirgin ƙasa ɗaya za ta hau, ta dawo ta kwana a ɗakin uwarta. Ka ce mata ta cika yau, gobe in kai da hannuna."

Dariya ta ɗauke a kicin. Umma ta duba fuskar mijinta, ba ta karanta komai ba. Ta so ta yi magana, ta tuna halinsa, ta cije leɓe.

Idrissa ya jawo kwanon wanke hannu. Ya wanke, ya yarfe.

"Saani. Mutum nawa suka taru?"

"Sun fi ɗari, Massa."

"Cikin minti nawa?"

"Ba a kai goma ba."

Idrissa ya gyaɗa kai. "Sanyin bara na zame bisa ƙanƙara, bakin tashar Sutphin. Gwiwa ta ƙi ɗaukata. Ina kwance ina ƙirga masu wucewa. Sittin da ɗaya. Wani ya tsallake ni."

Umma ta san ciwon gwiwar, ita ta yi ta gasa ta da ruwan zafi. Ba ta san da ƙirgar ba.

"Can saniya ta bar wurinta, gari duka ya hito. Kowa ya san ta wa ce, ya san wadda ta haihu bara. Ni na yi kuskure, na ce ba su da makiyayi. Suna da shi." Ya goge hannu a tawul. "Tsohon ya rubuta sunan. Na ce mishi amana ce. Ya tuɓe hula."

Zahra ta sauke farantin daga fuska. Da Hausarta mai ɗan karkata ta ce, "Baba, ni saniya ce?"

"Su suna jin magana."

Saani ya fashe, Afua ta bi shi, Umma ta kama bakin tebur. Alhaji ya ɗaga murya a kan dariyar, ya tura takardar har ta taɓa gwiwar Idrissa, ya ɗora biro a kai.

"Malam Idrissa, wannan ba maganar wasa ba ce. 'Yar ƙanwata ce, ina da hakki. Ka ce mata ta cika."

Idrissa ya ɗauki biron da yatsa biyu, ya mayar masa a cikin jaka.

"A'a, Alhaji. Ba ta cikawa, kuma ba ta zama nan New York."